Labarin Zuciya Idan Fuska Ta Yi Shiru

Daren da Yaya ya cika kwana shida bai farfaɗo ba, Inna ta same ni a barandar asibiti ina shimfiɗa tabarma. Ta daɗe a tsaye tana jan carbi kafin ta ce, "Kai da ka yi karatun kimiyya, gaya mini gaskiya. Yaron nan yana jin mu?" Ba ta ambaci sunansa ba, domin ɗan fari ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinta ba. Wata biyu ke nan da na kammala digirin farko a fannin fiziks, ina jiran kiran hidimar ƙasa. Shekara huɗu na yi ina koyon lissafin da ke bayyana tafiyar haske da abin da ke cikin ƙwayar zarra, amma tambayar matar da iyakar karatunta allo ta tsaya mini a maƙogwaro. Na ce mata in sha Allahu yana ji. Ta yi mini irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ta gane yana lallashinta, ta koma ciki.

Kashegari Kawu ya zo da tasa amsar a aljihu. Wani bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp, wani Bature cikin farar riga yana bayani, an ɗora fassarar Hausa a kai. A taƙaice cewa yake kimiyyar kwantum ta tabbatar babu abin da ke wanzuwa sai an kalle shi, saboda haka tunanin mutum ne ke gina duniyarsa. Kawu har ya sayo wani awarwaro na baƙin ƙarfe a hannun mai talla a ƙofar asibiti kan naira 15,000, wai yana ɗauke da ƙarfin kwantum, ya sanya wa Yaya a hannu. Da abin ya tsaya nan da na kau da kai, domin wanda nasa ke kwance ba ya raina magani. Abin da ya dame ni shi ne maganar da ya yi wa matar Yaya da ya tarar tana kuka: ta daina, in ji shi, mugun zatonta ne ke danne mijinta. Tana ɗauke da cikin wata bakwai. Daga ranar ta koma yin kukanta a bayan tankin ruwa, ta wanke fuska ta dawo da murmushin dole, tana fargabar kada wani tunani ya gifta mata ya ƙarasa shi. Kuma da sunan ilimin da na karanta aka aza mata wannan kaya.

Kafin a ce kimiyya ta faɗi wani abu game da shi, ya kamata a san abin da ake magana a kai. Hausa ba ta yi mana rowar kalmomi ba a nan. Mahaukaci ya rasa hankali, amma idan ƙaya ta soke shi yana jin zafi. Wanda aka yi wa allurar barci za a yi masa tiyata yana da rai, zuciyarsa na bugawa, amma wuƙar likita ba ta same shi a gida ba. Abin da Inna ke tambaya ba hankali ba ne, ba kuma rai ba. Tambaya take ko akwai wani a cikin wannan jiki wanda muryarta ke isa gare shi, wanda sanyin ɗakin ke yi masa sanyi. Kalmar da ta fi kusa ita ce wadda muke amfani da ita idan mai suma ya buɗe ido muka ce ya dawo hayyacinsa. Da hayyaci zan kira shi.

To, ina kwantum ya shigo? Mafarin labarin gwaji ne da kowane ɗalibin fiziks ya sani. Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi ya ga yadda taguwoyin ruwa ke haɗuwa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. A farkon ƙarni na 19 Thomas Young ya nuna cewa haske ma haka yake: idan ya bi ta ƙananan kafofi biyu ya faɗa a bango, ratsi-ratsi yake yi, haske da duhu, kamar zanen saƙi. Abin mamakin ya zo ne da aka gwada ilektiron, wanda ake ɗauka ɗan ƙaramin tsakuwa ne. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi a Japan suka riƙa harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya ta cikin na'urar da ke da hanyoyi biyu. Kowanne ɗigo guda yake bari a allon, kamar ba shi da alaƙa da na gabansa. Sai da ɗigon ya taru dubbai, ratsin nan ya fito sarai, kai ka ce kowane ilektiron ya bi hanyoyin biyu ya haɗu da kansa. Idan kuwa aka girke abin da zai nuna hanyar da ya bi, ratsin ɓacewa yake yi.

A nan mai bidiyo ya yi tsalle: gani ya canja abin gani, don haka mai gani ne ke mulki. Adalci ya sa in ce ba a bakinsa maganar ta fara ba. A littafinsa na 1932, John von Neumann ya lura cewa na'urar awo ita ma ƙwayoyin zarra ce, ido ma haka, jijiyar ido ma haka, duka a ƙarƙashin lissafi guda suke. To a wace gaɓa ce yiwuwa da yawa ke komawa sakamako ɗaya? Ya bi sarƙar har ta kai shi ga mai lura kansa. A 1961 Eugene Wigner, wanda ya karɓi kyautar Nobel bayan shekara biyu, ya fito fili ya ce hayyaci ne ke yanke hukuncin. Waɗannan ba 'yan talla ba ne. Ko kyanwar Schrödinger ta 1935, wadda lissafi ya ce tana raye kuma ta mutu kafin a buɗe akwati, a wannan rigima aka haife ta, kodayake mai ita ya kawo ta ne don ya nuna akwai abin da bai zauna daidai ba a fahimtar, ba don a yi imani da ita ba.

Sai dai labarin bai tsaya a 1961 ba, nan ne kuma bidiyon ya yi gum. Gwajin da ya fi kwantar mini da hankali an yi shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya, a ɗakin binciken Anton Zeilinger, aka wallafa a 2004. Sun ɗauki dunƙulen kabon mai ƙwayoyin zarra 70, mai kama da ƙwallo, suka riƙa tura shi ta cikin tankaɗe mai siraran kafofi a inda aka zuƙe iska. Ratsin ya fito. Sai suka fara gasa dunƙulen da hasken leza kafin ya shiga. Abu mai zafi yana fitar da haske, hasken kuma yana ɗauke da labarin inda ya fito. Da zafin ya ƙaru sai ratsin ya riƙa dusashewa har ya ɓace. Babu wanda ya tara wannan haske ya karanta, bangon na'urar ne ya shanye shi. Ashe abin da masana suka kira kallo ba ya bukatar ido ko zuciya; ya isa abu ya bar sawu a cikin wani abu, ko da ƙura ce ko ƙwayar haske. Tun 1970 wani masani Bajamushe, Dieter Zeh, ya nuna hanyar wannan bayani, Wigner kansa kuma ya janye daga ra'ayinsa kafin ya rasu.

Wannan bai kashe rigimar duka ba. Dalilin da ya sa sakamako ɗaya tak muke gani har yau ana ja-in-ja a kansa: akwai mabiya Bohr, akwai mabiya David Bohm, akwai masu bin Hugh Everett da ya ce a 1957 duk sakamakon suna faruwa, kowanne a reshensa. Amma ga abin da ya shafi matar Yaya. Ko a ra'ayin Wigner na farko, mai lura ba ya zaɓen abin da zai gani. Ƙa'idar da Max Born ya kafa a 1926 ita ke raba rabon kowane sakamako, kuma ba a taɓa samun gwajin da masana suka aminta da shi ba wanda ya nuna buri ko tsoron mai gwaji ya karkata wannan rabo. Da mai fata nagari da mai fargaba, ratsi ɗaya za su samu. Ke nan ko an bai wa mai bidiyo duk abin da manyan masana suka taɓa zato, ba zai kai shi inda ya je ba. Ɗan abin da ya rage tsakanin maganarsu da tasa, a nan aka gina kasuwar awarwaro, a nan kuma aka samo laifin da aka ɗora wa mai ciki. Akidar da ke cewa tunaninka ne ke gina duniyarka tana da daɗin ji ga mai lafiya da wadata, domin tana shaida masa cewa shi ya jawo wa kansa alheri. Amma da wannan bakin take gaya wa wanda tifa ta banke a kan babur cewa shi ya kira ta.

Akwai wata hanya ta biyu da ta fi wannan mutunci, wadda na daɗe ina sha'awa. Roger Penrose, masanin lissafi na Ingila da ya samu Nobel a 2020 kan binciken baƙin rami na sararin samaniya, ya yi hujja a littafinsa na 1989 cewa fahimtar ɗan Adam ba lissafin kwamfuta ba ce, saboda haka dole akwai wani sabon fiziks a cikin ƙwaƙwalwa. Daga baya ya haɗa kai da Stuart Hameroff, likitan sa barci a Amurka, suka ce wurin abin shi ne wasu siraran bututu da ke cikin ƙwayoyin jijiya. Wannan aƙalla magana ce da za a iya aunawa, an kuwa auna. A 2000 Max Tegmark ya lissafa tsawon lokacin da halin kwantum zai iya ɗorewa a wuri mai ɗumi da danshi da hayaniya irin ƙwaƙwalwa, ya samu bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na sakan ba, alhali ƙwayoyin jijiya suna aika saƙonsu ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Su Hameroff sun ƙalubalanci lissafin, amma mafi yawan masana ba su bi su ba.

Ni abin da ya raba ni da wannan hanya ba lissafin Tegmark ba ne. A ɗauka gobe an tabbatar da duk abin da Penrose ya faɗa. Me ya sa rugujewar wani hali a cikin bututu za ta zama ɗacin maɗaci a harshena? Tun 1714 Leibniz ya kawo misalin da har yau ba a ture ba: a ce an faɗaɗa injin da ke tunani har ya kai girman gidan niƙa, ka shiga ciki kana zagayawa, ba za ka ga komai ba sai ƙarafa suna tura juna, ba za ka ci karo da ji ba. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, tana aiki da wutar da ba ta wuce wat 20 ba, ta ƙaramin ƙwan lantarki. A bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da za a samu shi ne wannan ya taɓa wancan. Sauya ƙarafan Leibniz da kayan kwantum bai sauya tambayar ba. Sau da yawa ina zargin cewa abin da ya haɗa kwantum da hayyaci a zukatanmu bai wuce wannan ba: duka biyun suna ɗaure mana kai, sai muka ɗauka 'yan gida ɗaya ne.

Hasali ma fiziks da gangan ya bar wannan tambaya a waje tun ranar da aka raɗa masa suna. A 1623 Galileo ya raba sifofin abubuwa gida biyu: girma da siffa da motsi da adadi suna cikin abin kansa, ɗanɗano da ƙamshi da launi kuwa suna zaune ne a cikin mai ji. Ya ɗauki kashin farko ya miƙa wa lissafi, ya ajiye na biyu. Wannan rabo ne ya ba kimiyya ƙarfinta, daga gare shi aka kai ga wayar da Kawu ya nuna mana bidiyo da ita, wadda ba za ta yi aiki ba sai da ka'idojin kwantum na gaskiya. Fiziks zai gaya maka jan haske taguwa ce mai tsawon kusan nanomita 700, makaho ma zai iya haddace wannan ya ci jarrabawa, amma ja bai shiga cikin lissafin ba. Bertrand Russell ya faɗi kusan haka a 1927, cewa fiziks yana bayyana yadda abubuwa ke cuɗanya da juna ne, ya yi shiru a kan abin da suke a karan kansu. David Chalmers ya kira wannan giɓi matsala mai wuya. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi caca da shi cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa; a 2023, a birnin Niyok, Koch ya amsa an ci shi ya biya. Abin da suka yi cacar a kansa ma ɓangare mai sauƙi ne, wato gano wurin, ba bayyana dalilin ba.

Saboda haka ban fi yarda da wasu abokan karatuna ba, waɗanda daga aji biyu suka fara cewa mutum tarin ƙwayoyin zarra ne kawai. Kalmar "kawai" ɗin nan ba a cikin wani lissafi suka samo ta ba, su suka ƙara. Wanda ya share ɗaki ya tura sharar bayan ƙofa ba shi da bakin cewa shara ba ta wanzu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ƙaddara mutum da aka halitta yanzun nan yana shawagi a sarari, ido a rufe, babu sauti, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna: ba zai san yana da jiki ba, amma zai san akwai shi. Ko hujjar ta kai inda ya so ta kai ko ba ta kai ba, ta nuna abu guda, cewa hayyaci shi ne abin da kowa ya fi tabbata da shi a kansa, shi ne kuma abin da ba ya iya nuna wa kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni Musulmi ne, na kuma taso da sanin cewa da aka yi tambaya a kan ruhi, a Suratul Isra'i, amsar ta mayar da al'amarin ga Ubangiji ta kuma tuna mana ƙarancin iliminmu. Shi ya sa nake jin nauyi idan na ga mai wa'azi yana jingina ruhi da kyanwar Schrödinger. Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da masu fiziks suka sauya fassara, kamar yadda Wigner ya yi, me zai ce wa waɗanda ya gina wa imani a kanta?

Duk da haka akwai inda fiziks ya taɓa tambayar Inna da gaske, ba ta inda aka zata ba. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij suka wallafa labarin wata mata 'yar shekara 23 da haɗarin mota ya bari wata biyar ba ta amsa kowa. Suka sa ta a na'urar MRI, suka ce ta ƙaddara tana buga ƙwallon tanis. Sashen ƙwaƙwalwa mai shirya motsi ya kama aiki. Suka ce ta ƙaddara tana zagaya ɗakunan gidanta, wani sashen daban ya amsa, daidai da yadda na masu lafiya ke yi. Tana ciki, tana ji, tana bin umarni, fuskarta ba ta nuna komai. A 2024 wani bincike na cibiyoyi shida a Amurka da Turai ya gwada marasa lafiya 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, aka samu 60 ƙwaƙwalwarsu tana amsawa. Ita kuwa na'urar MRI da me take aiki? Da wata sifa ta kwantum da ke cikin cibiyar ƙwayar haidurojin, wadda ke sa ta jeru a gaban maganaɗisu. Kwantum bai bayyana mene ne hayyaci ba, amma ya huda taga a bangon da Hausawa suka ce a tambayi fuska, ya nuna cewa fuska tana iya yin shiru alhali zuciya na da labari.

Asibitin da muke ba shi da irin wannan gwaji, halin Yaya kuma ba daidai yake da na waccan mata ba. Amma hukuncin ya fito mini fili. Idan muka yi masa magana ba ya ji, asararmu 'yan kalmomi ce. Idan kuwa yana ji muka tsaya a kansa muna lissafin kuɗin magani da wanda zai riƙe iyalinsa, kamar yadda na ji wasu dangi suna yi, mun bar mutum shi kaɗai a cikin duhu yana sauraron ana raba kayansa. Na roƙi masu zuwa dubiya su riƙa fita da irin wannan zance waje. Na sami matar Yaya a bayan tanki na ce, "Anti, na karanta abin nan da Kawu yake faɗa, ba haka yake ba. Kukanki ba ya taɓa shi. Ki yi a gabansa ma idan kin so." Awarwaron kuwa na bar shi, ban ga ribar kunyata dattijo a kan abin da ya riga ya biya ba.

Inna na samu bayan sallar isha'i. Na ce, "Inna, rannan ban ba ki amsa ba. Babu likitan da zai iya rantse miki. Amma a ƙasashen waje an gwada masu irin wannan kwanciya, aka samu kusan ɗaya cikin huɗu suna ji, amsawa ce ba sa iyawa. Nas ta ce a riƙa yi masa magana, a kira sunansa." Ta ce, "Ku kira mana, ba ga ku nan ba?" Amma cikin dare na tashi zan sha ruwa, na hango ta ta tagar ɗakin ta sunkuya daidai kunnensa. Sau uku ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Na koma tabarmata na rufe ido.

Yaya ya buɗe ido a kwana na 16. Likita ya ce kumburin ƙwaƙwalwar ne ya sauka, Kawu ya ce awarwaro, Inna ta ce Alhamdulillahi ba ta ƙara komai ba. Har yanzu yana jan ƙafar hagu, maganarsa kuma ta yi nauyi. Bayan suna, da jaririyar a cinyarsa, na tambaye shi abin da ya ji a waɗancan kwanaki. Ya ce yana tuna fitowarsa daga kasuwa, sai kuma silin ɗin asibiti, babu komai a tsakani. Wannan bai yanke mini hukunci ba, domin kowane dare muna mafarkin da gari ke wayewa mun manta, ba a kuma ce ba mu yi ba.

Da yamma Inna ta kira ni madafa, ta sa ni riƙe mata tankaɗe. Ba ta dube ni ba ta ce, "Na ji kana tambayarsa. Bai ce ya ji wani abu ba?" Na ce ya ce bai tuna komai ba. Ta yi shiru tana kaɗa gari, sannan ta ce, "To, madalla. Kai wa yaron nan ruwan alwala, ka ga ba ya son tashi."